FILIN SANA'A: In an cire kumfar jirgin alminiyon, mi za a sa a wurinta?

Damina ta kusa. Gulabe za su kawo ruwa, tabkuna za su cika. Manomin da gonarsa ke ƙetare sai ya shiga jirgi. Mai zuwa kasuwa da buhun hatsi sai ya shiga jirgi. Makiyayi ma, in shanu sun yi iyo, mata da yara da ƙananan bisashe a jirgi ake ƙetarar da su. Don haka zancen jirgi ba na masunta kaɗai ba ne.

Jirgin da kowa ya sani na icce ne. Amma akwai wani iri na alminiyon, farin ƙarfen nan marar nauyi da ake tukwane da shi. Galibi daga ƙasashen waje yake fitowa. Cikin wanga jirgi akwai wani abu ɓoye, ƙarƙashin wurin zama da ƙarƙashin daɓe. Busasshiyar kumfa ce. Mutane da yawa ba su san aikinta ba, sai su cire ta su yar. Filin sana'a na wanga wata a kanta ya tsaya.

TUKUNYA DA AKUSHI

Ga misali. Wata ƙungiyar masunta tana da jirgin alminiyon. Da can mutum huɗu ke ɗaga shi su aza bisa tudu. Yanzu sai mutum shida, da nishi. Inji kuma yana shan mai fiye da da. Sai wani saurayi ya buɗe ƙarƙashin wurin zama. Ya tarar da kumfa ta jiƙe sharkaf, tana wari.

Ya ce ma sarkin ruwa: “Baba, ga ɓarawon. Wanga abu ne ya sha ruwa. A cire shi a yar, jirgi ya huta.”

Tsoho ya ce: “Ɗana, cirewa za a cire. Amma wanda ya ƙera jirgin bai sa ta don ado ba. Je ka ɗauko mini tukunya da akushi.”

Da anka kawo, sai ya aza su bisa ruwa. Duka biyun sunka yi ta yawo. Ya cika akushi da ruwa. Akushi ya dulmuya har baki, amma bai tafi ƙasa ba. Ya cika tukunya da ruwa. Nan take ta ɓace, sai da yaro ya yi nutso ya lalubo ta.

Tsoho ya ce: “Ka gani? Jirgin icce akushi ne. Jirgin alminiyon tukunya ne.”

Ga dalili. Litir 1 na ruwa kilo 1 ne. Duk abin da ya fi ruwa nauyi nutsewa yake. Galibin itacen da ake sassaƙa jirgi da shi bai kai ruwa nauyi ba. Alminiyon kuwa, curi mai girman litir 1 ya kai kilo 2 da giram 700. Iskar da ke cikin jirgin ita ke riƙe shi bisa ruwa. Ranar da ruwa ya kori iskar, jirgi ya tafi ƙasa, da inji, da kaya. Mutane kuma ba su da abin kamawa.

MI KUMFA KE YI?

Kumfar jirgi ƴan ƙananan ɗakuna ce rututu, kowane a rufe da iska cikinsa. Litir 1 na irin da anka fi zubawa bai wuce giram 30 da ƴan kai ba. Ke nan kowane litir yana iya tallabe kusan kilo 1 cikin ruwa.

A Amurka, inda wanga jirgi ya yi yawa, an kafa dokar tsaron ƙananan jirage a shekarar 1971. A 1978 anka ƙara mata ƙarfi. Galibin jirage masu inji a baya, waɗanda tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba, wato wajen metir 6, tilas maƙeri ya sa musu abin tallafi. In jirgi ya cika da ruwa, kar ya nutse, kuma kar ya kife, ya tsaya daidai. Wajen gwaji sai an bar jirgi cike da ruwa awa 18 kafin a auna. Shi ya sa ake samun kumfa cikin jiragen da sunka fito daga can.

A lura da abu guda. Muddin jirgi na tafiya lafiya, kumfa ba ta aikin komi. Ba ta ƙara masa ƙarfin ɗaukar kaya. Aikinta na rana ɗaya ne, ranar da jirgi ya sha ruwa. Nan ne mutane ke ruɗuwa. Wanda ya cire jiƙaƙƙiyar kumfa zai ga jirgi ya yi sakayau, yana gudu, mai ya daina tafiya. Sai ya ce ashe banza ce. Ba zai gane kuskurensa ba sai tsakiyar gulbi.

DON MI TAKE LALACEWA?

Ruwa ba ya tsami banza. Girgizar jirgi shekara da shekaru tana fasa ƙananan ɗakunan nan. Man inji da ke zuba yana cin wata irin. Ɓera da tururuwa suna yin gida ciki. A ƙasashen sanyi ƙanƙara ke fasa ta, tun kafin tsohon jirgi ya canza hannu. Da ɗakunan sun fashe, ruwa ya shiga, kuma ba ya fita da sauƙi.

Daga nan ɓarna biyu ke biyowa.

Ta fari nauyi ne. Jirgin da ke da kumfa litir 200, in rabinta ya zama ruwa, kilo 100 ke nan. Kamar mutum ne yana yawo da buhun hatsi wanda ba ya saukewa.

Ta biyu cin ƙarfe ne. Alminiyon yana da wata fata siririya da iska ke yi masa, ita ke tsare shi. In jiƙaƙƙiyar kumfa ta manne masa, iska ba ta kai gare shi, sai fatar ta mutu. Ana fara ganin farin gari kamar toka. Daga baya ƴan huji kamar bakin allura su fito.

Ga yadda ake ganewa. A yanko gutsure daga can ƙasa, santimetir 10 tsawo, 10 faɗi, 10 kauri. Litir 1 ke nan. A aza bisa sikeli. In lafiyayye ne, da ƙyar allura za ta motsa. In ya kai rabin kilo, rabinsa ruwa ne. Kumfar da ke bushe, ba ta ruɓe ba, a bar ta inda take. Ba a gyaran abin da bai ɓaci ba.

YADDA AKE CIREWA

1. A fitar da jirgi bisa tudu, a inuwa. A cire inji, da tankin mai, da batir, a kai su nesa.

2. Kafin a taɓa komi, a auna wurin da kumfa take. Tsawo sau faɗi sau zurfi, da santimetir, a raba da 1000. Abin da ya fito litir ne. Misali: wurin zama mai tsawo 120, faɗi 30, zurfi 30, ya ba da litir 108. A rubuta a takarda. Wanga lamba ita ce bashin da za a biya jirgi.

3. Daɓe da wurin zama galibi da ƙusa mai kai biyu anka kama su. A huda kan ƙusar da mahuji a cire. Kar a ɓamɓare da ƙarfi, ƙarfen lanƙwashewa yake.

4. A tsaga kumfa gida-gida da zarto, kar haƙoran su kai ga jikin jirgi. A ɓamɓaro ta da icce mai faɗin baki. Abin da ya manne a kankare shi da katako ko roba mai tauri.

5. Mai aiki ya rufe hanci da baki da ƙyalle. Garin kumfa ba ya da kyau ga huhu.

6. A tara tarkacen cikin buhu. Kar a zuba a ruwa. Kar a bar shi inda awaki da kaji za su ci.

Abubuwa huɗu an hana:

Wuta. Hayaƙin kumfa dafi ne, yana iya kashe mutum. Alminiyon kuma yana narkewa a zafin digiri 660, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ya tafi.

Soda. Matan da ke dafa sabulu sun san soda tana cin tukunyar alminiyon. Haka take cin jirgi.

Esansi, wato fetur. Tururinsa yana kwantawa cikin jirgi. Tartsatsi guda ya isa.

Buroshin baƙin ƙarfe. Yana barin ƴan ɓarɓashi da ke haddasa cin ƙarfe daga baya.

Bayan an gama, a wanke da ruwa da sabulu, a shanya. A buɗe hanyoyin da ruwa ke bi zuwa bayan jirgi. Sannan a aza jirgi bisa katakai, a zuba masa ruwa kamar tsawon yatsa, a leƙa ƙasa. Inda ya ɗiga a sa alama da alli. Ƙusar da ta saki, mutum ɗaya ya dafa ƙarfe mai nauyi a bayanta, ɗaya ya buga kanta da guduma a hankali. Hujin da ya yi girma a kai ma mai walda wanda ya san alminiyon. Wani jirgi kuma kumfa ce ke tallabe daɓensa. In haka ne, a sa masa tokari kafin a mai da daɓen.

LISSAFIN ABIN DA ZA A MAYAR

Abu uku ake tarawa.

Jirgi. Cikin ruwa alminiyon yana rage nauyi. Kilo 100 yana komawa kilo 63.

Inji da batir. A ƙidaya nauyinsu duka, don rigakafi. Ƙaramin inji mai ƙarfin doki 15 ya kusa kilo 40.

Mutane. Ruwa yana ɗauke musu wani sashe na nauyinsu. Ga ƙaramin jirgi ana ƙidaya rabi. Mutum 4 masu kilo 60 kowane, kilo 240 ke nan. Rabinsa 120.

A tara: 63 da 40 da 120, ya zama 223. Wanga jirgi yana bukatar abin tallafi litir 223. Ya ɗara, ba laifi. Ya kasa, akwai laifi. A gwada da lambar da anka rubuta a takarda, a bi wadda ta fi yawa.

MI ZA A SA?

Sabuwar kumfa ta zubawa. Ruwa iri biyu ne, ana gauraya su, su kumbura su daskare. Tana cika kowane lungu. Amma tana da tsada, tana da wuyar samu, kuma in ba a kula ba tana toshe hanyar ruwa, ciwon jiya ya dawo. Mai zuba ta ya shimfiɗa leda tukuna, ya bar hanya a ƙasa.

Allon kumfa mai tauri, shuɗi ko ja-ja, irin na magina. Ba ya shan ruwa sosai. Ana yanka shi daidai wurin, ana iya fitar da shi a duba. Aibinsa esansi yana narkar da shi. A naɗe shi da leda mai kauri, kuma kar a sa shi kusa da tankin mai.

Kumfa mai laushi irin ta cikin rigar ceto. Ba ta shan ruwa, mai ba ya cin ta da sauƙi. In an same ta, tana da kyau ƙwarai.

Farar kumfa mai ƙwaya-ƙwaya, wadda ke zuwa cikin kwalin rediyo da firji. Tana tallabe, amma tana marmashewa, tana shan ruwa a hankali, esansi kuma yana narkar da ita nan take. Sai in babu wata, kuma a naɗe ta, a riƙa dubawa.

Bido, wato jarka. Shi ne mafi sauƙin samu a karkara. Bidon litir 20, in an cire nauyin kansa, yana tallabe wajen kilo 19. Jirgin misalin nan yana son bido 12. A zaɓi na man girki, a wanke, a shanya, a duba marfi. Kar a sa wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, dafi ne ga kifi da mutane. Kar a sa wanda ya ɗauki esansi.

Kwalaben roba. Mai litir 1 da rabi, sai an tara 150. A rufe su da sanyin safiya, don su tsaya tam in rana ta yi zafi. A ɗura su cikin tsohon taru a ɗaure. Amfaninsu, in ɗaya ta huje saura na nan. Aibinsu, akwai fili tsakaninsu, don haka wurin litir 108 ba zai ci kwalaben litir 108 ba. Kwalabe ake ƙidayawa, ba girman wuri ba.

Bututun roba irin na famfo. Mai faɗin santimetir 11, in an liƙe bakinsa biyu, kowane metir yana tallabe wajen kilo 8. Yana kwantawa daidai a gefen jirgi.

Robar cikin taya. Tana taimako, amma tana sacewa, rana da mai suna cin ta. A riƙe ta a matsayin ƙari. Kar a sa ta cikin lissafi.

Gora. Masunta sun san ta tun kaka da kakanni. Bisa ita ake kwantawa a yi su a Argungu da Komadugu. A tabkin Cadi kuma Buduma suna ƙetarewa da wani icce marar nauyi da ake kira ambac. Ilimin guda ne da na kumfa. Amma gora tana fashewa, tana ruɓewa in ta daɗe a damshi. Wurinta hannun mutum, ba ƙarƙashin daɓe ba.

Soson katifa. Wanga shi ne babban tarko, don ya yi kama da kumfar jirgi. Ɗakunansa a buɗe suke. Shan ruwa yake har ya ƙoshi. Kar a sa shi ko kaɗan. Mai shakka ya tsoma gutsure cikin ruwa ya matse. In ya sha ruwa, na kwanciya ne.

Duk wanda ya dogara ga iskar da ke cikin bido ko bututu, ya tuna huji guda yana zubar da ita duka. A gwajin Amurka, ɗakunan iska biyu mafi girma ba a ƙidaya su, ana ɗauka sun huje. Mai bido ya yi koyi: in lissafi ya ce 12, ya sa 14.

INDA ZA A SA

Yawa kaɗai bai isa ba. In an tara abin tallafi duka a ƙasan jirgi, ranar da ruwa ya cika shi ƙasa za ta nemi sama, jirgi ya kife. A sa shi sama-sama, a gefe biyu daidai wa daida, da ƙarƙashin wurin zama. A ƙara yawa a baya, inda inji yake. A bar kaɗan a goshi.

Sannan a ɗaure. Bido guda cikin ruwa yana ja sama da ƙarfin kilo 19. In ba a ɗaure ba, shi zai tsira, jirgi ya nutse. A ɗaure da igiyar nailan mai ƙwari a jikin haƙarƙarin jirgi. Kar a ɗaure da wayar jan ƙarfe, jan ƙarfe yana cin alminiyon. A rufe robar daga rana, don rana tana sa ta tsagewa.

GWAJI

Aiki bai ƙare ba sai an gwada. A zaɓi rana marar iska, da wuri marar igiyar ruwa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kuma babu kada ko dorina. A ɗaure jirgi da igiya a gaɓa. A cire inji, a ɗaura duwatsu da sunka ɗara nauyinsa a wurin zamansa. A cika jirgi da ruwa har baki. Waɗanda sunka iya iyo su shiga su zauna. In jirgi ya tsaya daidai, aiki ya yi. In baya ta nutse, a ƙara a baya. In yana neman kifewa, a mai da tallafin sama da gefe.

Kowace shekara, kafin ruwan fari, a buɗe a duba. A girgiza kowane bido a ji ko ruwa ya shiga. A canza igiyar da ta gaji.

Abin tallafi ba izinin lodi ba ne. Jirgin mutum 4 na mutum 4 ne. Kuma bai maye gurbin rigar ceto ba, musamman ga yara da wanda bai iya iyo ba. In tsautsayi ya faru, jirgi ya cika amma bai nutse ba, kowa ya riƙe shi. Kar a sake shi a nufi gaɓa mai nisa. Jirgi ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa.

Mai shiga jirgin alminiyon yana da ikon tambayar mai jirgi: “Malam, in ya sha ruwa, mi zai riƙe shi?” Wanga tambaya ba rashin kunya ba ce. Sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyi su duba jiragensu tun yanzu, tun gulbi bai kawo ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

AIKIN LISSAFI GA MAKARANTUN YAƘI DA JAHILCI

Wani jirgin alminiyon yana da nauyin kilo 200. Injinsa kilo 40. Yana ɗaukar mutum 3, kowane kilo 60. Litir nawa na abin tallafi yake bukata? Bido nawa ke nan, in kowane yana tallabe kilo 19? A yi lissafin bisa allo tare da malami. Amsa tana fitowa a wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.